Hedimasta Ya Ce Na Mayar da Aji Kasuwa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar aji biyu ce a wata firamaren gwamnati a ɓangaren Rigasa. Yaran ajina sun haura tamanin. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, in na rubuta jimla a allo na karanta, sai su amsa gaba ɗaya kamar sun iya, amma in na ware ɗaya na ce ya gaya mini abin da jimlar take nufi, sai ya sunkuyar da kai. Bayan wata bita da muka je a zangon da ya wuce, sai na fara buɗe darasi da tatsuniya, ina yi musu tambayoyi, ina barin su su tattauna bibbiyu. Wallahi na ga canji, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba suka fara ɗaga hannu. To ran nan hedimasta ya shigo, a gaban yara ya ce na mayar da aji kasuwa, wai malamin aji uku da muke bango ɗaya ya kai ƙara. Bayan kwana biyu wani uba ya zo da littafin ɗansa yana faɗa, ya ce sati biyu shafi uku kawai aka rubuta, shi karatu ya kawo ɗansa ba hira ba, in tatsuniya ce kakarsa tana gida. Hedimastan nan sa'an mahaifina ne, ba na iya musu da shi. Akwai kuma wata yarinya da har yanzu ba ta cewa uffan, sai dai ta ƙura wa bakina ido. Tun ranar na koma cika allo da rubutu, aji ya yi tsit, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni ce na yi kuskure? In haƙura in bi yadda kowa yake yi?

Malamar aji biyu, Kaduna

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada.

Na san maganar kasuwa da a ofis aka yi miki ita, da kin shanye. A gaban yara da aka faɗe ta ne ya sa ta tsaya miki a rai, domin malamin da aka yi wa faɗa a gaban ɗalibansa da ƙyar yake ɗaga ido ya kalle su washegari. Saboda haka ban ga laifinki ba da kika ja da baya na ɗan lokaci. Amma kin tambaye ni ko ki haƙura gaba ɗaya, amsata a'a. Abin da kika fara daidai ne. Abu biyu suka rage masa, tsari da kuma shaidar da za a gani a littafi, kuma su ne hedimasta da mahaifin yaron nan suka nuna miki, ko da yake ba su faɗa da daɗi ba.

Abin da kika lura da shi tun farko shi ne ainihin ciwon azuzuwanmu. In yara tamanin suka amsa jimla da murya ɗaya, ƙalilan ne a cikinsu suke kallon baƙaƙen da ke allo. Sauran sautin na gaba suke bi, wasu ma baki kawai suke motsawa. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana cewa fahimtar karatu tana fitowa ne daga iyawa biyu: iya haɗa baƙaƙe a fitar da kalma, da iya fahimtar harshen in an ji shi da kunne. Suka ce lissafin na ninkawa ne, in ɗaya ya zama sifili to sakamakon ma sifili. Yaron da ba zai gane labari ba in an ba shi da baki, ba zai gane shi a rubuce ba, ko da ya furta kowace kalma daidai. Wanda bai taɓa jin an ce "fatake" ko "ƙorama" ba, ranar da ya karanto su sauti kawai ya fitar. Wani rahoto da Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawa daga cikinsu kullum suna aji, littattafansu kuma cike suke da abin da suka kwafa daga allo. Sai dai ki riƙe ɗaya ɓangaren lissafin ma. Tatsuniya kaɗai ba ta koya wa yaro baƙi da wasali. In har sati biyu sun wuce da shafi uku, akwai alamar daɗin sabon abu ya ɗan cinye lokacin rubutu, kuma wannan gyara ne da yake hannunki.

Bari mu duba hedimasta. Bai kyauta ba da ya yi magana a gaban yara, wannan kam ba sai an ɓoye ba. Amma ki tsaya inda ya tsaya. In kika ce yara tamanin su tattauna bibbiyu, baki arba'in ne suka buɗe lokaci guda, a azuzuwan da galibi tagogi a buɗe suke, wani lokaci ko silin babu. Malamin aji uku ba ƙarya ya yi ba, da gaske ba ya jin yaransa. Shi kuma hedimasta, in masu duba makarantu suka zo daga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, shirin darasi da littattafan yara za su buɗe, kuma shi za a tuhuma. Mutumin da ya yi shekaru yana auna malamin kirki da shirun ajinsa ba zai sauya ra'ayi don an ce masa an je bita ba. Sai ya gani da idonsa.

Ki same shi a ofis lokacin da ba kowa, ki gaishe shi yadda kike gaishe da mahaifinki, ki fara da ba da haƙuri a kan hayaniyar, domin ita kam ta faru. Ba sai kin ba da haƙuri a kan tatsuniyar ba. Sannan ki miƙa masa shirin darasinki a rubuce, inda kika sa minti goma sha biyar na saurare da magana, da abin da yara za su rubuta daga ciki, ki ce, "Baba, ina neman ka duba mini wannan, ka ba ni dama in gwada zuwa ƙarshen wata, ka shigo duk ranar da ka ga dama." Dattijo yana son a nemi shawararsa, kuma abin da ya sa wa hannu ya zama nasa, zai kāre shi in wani ya kawo ƙara. Malamin aji uku kuwa ki je da kanki ki tambaye shi jadawalinsa. Ku daidaita, lokacin maganar ajinki ya faɗa a sa'ar da nasa yaran suke fili ko suke nasu karatun da murya. In akwai inuwar bishiya a harabar makaranta, ranar tatsuniya mai tsawo ki fita da su.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato cikin ajin kansa. Saurare abu ne da ake koyarwa. Mu malamai mun saba cewa "ku yi shiru ku saurara", muna ɗauka shirun shi ne sauraren, alhali yaro yana iya yin tsit hankalinsa yana kan awarar da zai saya in an fita tara. Kafin ki fara labari ki ba su abin da kunnensu zai nema: "Ku saurara ku gaya mini wace dabara Gizo ya yi wa Ƙoƙi, kuma me ya sa ta yarda." In kin ce "ga ta nan, ga ta nanku" suka amsa "ta zo mu ji ta", wannan amshin kansa yarjejeniya ce, sun ce za su ji, sai ki riƙe su a kai. Ki tsaya a tsakiyar labari ki tambaya me suke jin zai faru, kuma me ya sa suka ce haka. Tambayar "me ya sa" ita take fitar da doguwar jimla daga bakin yaro. Tambayar "ko ba haka ba?" ba ta fitar da komai sai "haka ne, Malama".

Tattaunawar bibbiyu kuma ki ɗaure ta da ƙa'ida kafin ki sake sakin ta. Kowane yaro ya san abokin maganarsa, na kusa da shi a benci ko a tabarma, ba a canzawa kullum. Ɗaya "na dama", ɗaya "na hagu". Ki ce na dama ne zai fara, na hagu kunne kawai, bayan rabin minti ki tafa su juya. Ki koya musu muryar da na kusa kaɗai yake ji, ku gwada ta har ta zauna, kafin ma a kawo wata tambaya. Ki kafa alamar tsayawa guda ɗaya, misali ki tafa sau uku su amsa da sau biyu, kowa ya juyo. Kwanakin farko alamar kawai za ki yi ta horarwa, kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. Sannan ga dabarar da na fi so: in an gama, kada ki tambayi yaro abin da shi ya faɗa, ki tambaye shi abin da abokinsa ya faɗa. Rana ɗaya, biyu, za su gane cewa wanda bai saurara ba zai ji kunya, hayaniyar kuma za ta ragu da kanta domin rabin ajin saurare yake yi.

In kin yi tambaya ga aji duka, ki jira. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka sa suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu amsawa kuma suka ƙaru. Daƙiƙa uku a gaban yara tamanin tana da tsawo fiye da yadda kike zato, ki ƙirga a zuci. Kuma ki daina bin hannun da ya riga kowa tashi, domin masu wannan hannun su biyar ko shida ne, kin san su, kuma ba su ne suka fi buƙatarki ba.

Ki ware minti biyar kullum don kunne kaɗai. Rubutun Hausa yana da sauƙi domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, amma sai yaro ya ji bambancin kafin hannunsa ya rubuta shi. Wanda kunnensa bai raba "kara" da "ƙara" ba, ko "baki" da "baƙi", ko "daka" da "ɗaka", ba zai san inda ake sa lanƙwasa ba. Ku tafa gaɓoɓi: Ka-wo biyu, Ri-ga-sa uku, ma-ka-ran-ta huɗu, sannan sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ki ce duk wanda sunansa ya fara da sautin da "masara" ta fara da shi ya miƙe. Ki kawo karya-harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto, su yi ta tuntuɓe suna dariya. Akwai kuma abin da rubutunmu ba ya nunawa, tsawon wasali da hawa da saukar murya. "Gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, mai karatu da sanin maganar yake raba su. Yaron da ya ƙoshi da jin Hausa mai kyau shi ne zai karanta irin wannan jimlar ba tare da ya tsaya ba.

Mahaifin yaron nan fa, kada ki riƙe shi a zuci. Littafin nan shi ne kaɗai abin da yake gani daga makaranta. Ya sayi biro da littafi da kuɗin da ba su zo masa da sauƙi ba, ya buɗe ya ga fari fat, dole ransa ya ɓaci. Maganinsa shi ne kowace tatsuniya ta bar sawu a takarda. In an gama labari, yara su sake ba da shi da bakinsu, da farko me ya faru, sai me, daga ƙarshe me. Ke kuma ki rubuta jimloli uku ko huɗu a allo yadda suka faɗe su, ki ce wannan ta wance ce, wannan ta wane. Su karanta, kina nuna kalma ɗaya-ɗaya, kina tsallakawa baya da gaba don ki kama masu hadda. Sannan su kwafa, su ƙara jimla ɗaya ta kansu ko zane da kalma a ƙarƙashi. Rubutun zai yi ƙasa da na mai cika allo, amma yaro zai iya karanta wa babansa kowane layi ya kuma faɗi ma'anarsa. Ki aika a kira uban, ko ki jira taron iyaye da malamai, ki sa ɗan ya karanta masa shafi guda a gabanki. Ki tuna masa da abin da ya sani: a makarantar allo sai malam ya biya wa yaro, ya ji da kunnensa, ya maimaita an gyara masa furuci, ba a miƙa masa allo a juya baya.

Maganar kaka kuwa, ni da ni ce karɓa zan yi da hannu biyu. Ki ba da aikin gida na baka: kowa ya je ya samo kacici-kacici ɗaya ko gajeriyar tatsuniya wajen kaka ko inna ko yaya, ya kawo gobe. Za ki ji "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", za ki ji "baba na ɗaka gemu na waje", za ki kuma ji waɗanda ke kanki ba ki sani ba. Uwar da ba ta yi boko ba, wadda kullum take jin ba ta da abin taimaka wa ɗanta da shi, wannan aikin tana iyawa.

Ba ki faɗi harshen da kike ba da labarin da shi ba. Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa ta sha sauyawa, kuma ki bi abin da makarantarku take kai. Amma a aji biyu, ma'ana tana shiga ne ta harshen da yaro ya riga ya iya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A darasin Turanci ki fara da baki kafin allo: gajerun umarni su aikata, kalmomi kaɗan da abin a hannunki suna gani, jimla guda su yi ta amfani da ita da juna. Ki kula da sautin p da f, wanda yaranmu suke haɗawa.

Yarinyar da take ƙura wa bakinki ido ita ce ta fi tsaya mini a wasiƙarki, kuma ita ce ba za a jinkirta ba. Kallon baki yana daga cikin alamun yaron da ba ya ji sosai. Ki gwada ba tare da ta sani ba: ki tsaya a bayanta ki kira sunanta da muryarki ta kullum, ki ce ta miƙo miki alli. Ki sake a wata rana daga ɗaya gefen. Ki nemi mahaifiyarta a keɓe, da lallashi, ki tambaya ko kunnen yana ciwo ko yana zubar da ruwa, ko ta taɓa yin ƙyanda ko sanƙarau, ko tana yawan mura lokacin hunturu, domin duk waɗannan suna taɓa ji. In akwai alama, su fara da asibitin unguwa, kuma ku a Kaduna kun yi sa'a, asibitin kunne na ƙasa a garinku yake. Ki roƙe su kada a ɗiga mata mai ko ruwan ganye a kunne kafin likita ya duba. Kafin nan ki dawo da ita layin gaba, ki riƙa fuskantar ta in kina magana, kada ki yi bayani kina kallon allo. In kuma kunnen lafiya lau, ki bincika harshen gidansu. Kaduna gari ne na kowa, wataƙila Fulatanci ko Gbagyi ko wani harshe ake yi a gida, tana cikin tattara Hausar ne, irin waɗannan sukan yi shiru na wani lokaci kafin bakinsu ya buɗe. Wataƙila kuma i'ina take yi an taɓa yi mata dariya. Ko wanne ne, kada ki tsayar da ita a gaban aji. Ki haɗa ta da yarinya mai haƙuri, ki bar ta ta amsa da nuni ko da zane, ki riƙa yi mata 'yar hira ku biyu lokacin tara.

In kin yi duk wannan hedimasta ya ce shi dai ba ya son tattaunawar bibbiyu, kada ki ja da shi. Mafi yawan abin da na lissafa ba ya tayar da ƙura: karanta musu labari da murya, tambayar me ya sa, jiran daƙiƙa uku, tafa gaɓoɓi, rubuta jimlolin yara a allo. Ki ci gaba da su, tattaunawar ki mayar da ita ta layi ɗaya a lokaci guda sauran suna saurare. Ki nemi wata malama daga cikin waɗanda kuka je bitar tare, ko da a wata makaranta take, ku riƙa musayar labarai da dabaru ta waya, domin ke kaɗai za ki gaji.

Gobe, kafin ki sauya komai, ki zaɓi yara shida, biyu masu ƙoƙari, biyu matsakaita, biyu da suke baya. Ki ba kowannensu gajeren labari guda da baki, ki yi masa tambaya uku, sannan ya karanta miki layi biyu, ki rubuta abin da ya iya a bayan littafin shirin darasinki da kwanan wata. Ƙarshen zango ki sake da wani labari mai tsawo ɗaya da na farko. Takardar nan ita za ki kai wa hedimasta, kuma in ta nuna wani abu bai yi aiki ba, ke ce za ki fara sani ki gyara. Allah ya dafa miki, ya ba yarinyar nan lafiya.